Kyamarar Hannu Ta Ɗaukar Hoton Bayan Ido: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Ciwon suga kan daɗe yana ɓarna a tantanin bayan ido, wato retina, kafin mai shi ya lura ganinsa ya ragu. Shi ya sa likitoci ke son a riƙa duba cikin idon mai suga a kai a kai. Manyan kyamarori na kan tebur sun fi fitar da hoto tangaran, amma ba sa zuwa wurin wanda ke kwance ko wanda ke nesa da asibitin ido. Wannan giɓin ne kyamarorin hannu suke cikewa, sai dai kowace da iyakarta.

Mafi araha su ne waɗanda ake maƙala wa waya, irin su D-EYE, ko a riƙe gilashin 20D, wato gilashin ƙara girma da likitocin ido ke leƙa bayan ido da shi, a gaban kyamarar wayar. D-EYE ba ta nuna fili fiye da kimanin digiri 20 (da digiri ake auna faɗin bayan idon da hoto ɗaya ke nunawa), ko da an ɗiga maganin buɗe baƙin ido. Gilashin 20D ya fi ta faɗi, amma sai ƙwararren hannu. Suna da amfani wajen koyarwa da leƙa jijiyar gani. Ni dai ba zan ɗora shirin tantance masu suga a kansu ba.

Sai waɗanda aka ƙera don wannan aiki kaɗai. Optomed Aurora ta ƙasar Finland tana ɗaukar digiri 50, Phelcom Eyer ta Brazil 45, Zeiss Visuscout 100 da Volk Pictor Plus kuwa 40. Akwai kuma Remidio ta Indiya. Faɗin yana da muhimmanci: shirin tantancewa na Ingila hoto biyu na digiri 45 yake ɗauka a kowane ido, ɗaya a tsakiyar retina, ɗaya a kan jijiyar gani. Idan filin ya kasa haka, sai an ƙara yawan hotuna.

Inda masu saye suka fi ruɗuwa shi ne alƙawarin cewa ba sai an ɗiga magani ba. Gaskiya ne kyamarar tana saitawa da hasken da ido ba ya gani, don kada baƙin ido ya tsuke. Amma yawancinsu suna buƙatar buɗewar milimita 3 zuwa 4, alhali tsofaffi da waɗanda suka daɗe da suga baƙin idonsu kan ƙi buɗewa, ga kuma yanar ido da ke dusashe hoto. Ga kuma rawar hannun mai ɗaukar hoton. Don haka kada yawan megafiksel ya ɗauke maka hankali. Ka nemi a ba ka na'urar gwaji, ma'aikacin da zai riƙa aiki da ita ya ɗauki idon marasa lafiya na gaske, sannan likitan ido ya ƙirga hotuna nawa ne suka karantu. Wannan lissafin ya fi duk abin da ke takardar talla.

Game da ƙirƙirarriyar basira da ke karanta hoton da kanta, FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da manhajar IDx-DR a 2018 tare da kyamarar tebur ta Topcon NW400, a 2024 kuma ta amince da AEYE-DS a kan Aurora. Ka lura, da takamaiman kyamara ake haɗa amincewar, ba da kowace ba. Manhajar Medios ta Remidio tana aiki ba intanet, abin da ke da daraja inda sabis ke yankewa. Ka tambaya ko kuɗin manhaja na shekara ne ko na kowane hoto.

Idan jarirai bakwaini za ka duba, waɗannan ba za su yi ba, sai mai faɗi sosai irin RetCam da ke kai digiri 130. Kumburin tsakiyar retina kuma na'urar OCT, mai nuna kaurin retina, ce ke tabbatar da shi.

Kafin ka biya, ka san daɗewar batir, wanda zai gyara idan ta lalace, da yadda hotuna za su shiga kundin marasa lafiya. Ka kuma tsayar da wanda zai karanta hoton da asibitin da za a tura wanda aka ga matsala a idonsa, domin kyamara ba ta yin aikin leza ko allurar ido.