Ventoline da bututun shaƙa: abin da na gani a jikin ɗiyata

Ɗiyata shekararta 15, tana koleji a nan Maradi, kuma abu uku ke damunta: fuka, atishawa da ƙaiƙayin ido, sai ciwon ɓarin kai da ya shigo bayan ta fara girma. Mun daɗe da Ventoline, shuɗiyar kwalbar nan ta maganin fuka salbutamol mai fesawa sau 200. Sabon abu shi ne bututun roba da likita ya rubuta mana kafin hunturun bara, wanda a farmasi ake tambayarsa da sunan chambre d'inhalation.

Bututun ya ci kuɗinsa. In za a fesa magani kai tsaye a baki, sai dannawa da jan numfashi sun zo daidai, yarinyar da ƙirjinta ke kuka kamar mage kuwa ina ta ga natsuwar wannan lissafi? Mafi yawan maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Da bututun, za ta girgiza kwalbar, ta soka ta a gindinsa, ta kama bakin da leɓɓanta, ta danna sau ɗaya, ta yi ta numfashi a hankali. Ina zaune kusa da ita ina jin ƴar murfin ciki tana ƙwas-ƙwas da kowane numfashi, cikin ƴan mintoci kafaɗunta su sauka.

Aibinsa girma. Ba ya shiga jakar lakwal da daɗi, kuma budurwa ba ta son fito da shi gaban ƙawaye. "Baba, kallona ake yi," in ji ta. Wankinsa ma da ƙa'ida: ruwan sabulu, a bar shi ya bushe da kansa, ba a goge cikinsa da tsumma, don maganin zai riƙa mannewa a jikin robar. Ita kuma kwalbar da muke samu ba ta nuna saura nawa, sai ka riƙe lissafi da kanka. Rawar hannu da bugun zuciya bayan shaƙa suna nan, suna wucewa. Wanda bai samu bututun ba kada ya fid da rai: a 1999 an gwada gorar roba ta rabin lita a kan yara masu fuka a Afirka ta Kudu, aka ga ta yi aiki kusan daidai da na kanti. A bar ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake huda ta.

Ciwon kai dai Ventoline ba ya maganinsa, wani lokaci ma shi kansa yana sa ɗan ciwon kai. Abin da na lura, ranar da hazo ya rufe gari, ko aka banka turaren wuta a ɗaki, ko igiyar maganin sauro ta kwana tana hayaƙi, atishawa ce ke fara zuwa, ƙirji ya biyo, wani lokaci da la'asar ta rufe taga ta kwanta riƙe da ɓarin kai, ko ƙarar kabu-kabu ba ta son ji. Likita bai yi mamaki ba. Ya ce: "Malam, masu fuka da atishawar ƙura sun fi sauran mutane samun ciwon ɓarin kai. Ana zargin kumburi da sinadarin histamine da jiki ke saki, amma ba wai ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba."

Gargaɗinsa ya fi bututun daraja a wurina. Aspirin da ibuprofen, da ake saye a tebur don ciwon kai, suna iya tayar da fuka ga wasu. Propranolol kuma, da ake bai wa wasu don rigakafin ciwon ɓarin kai, bai dace da mai fuka ba. Ya bar ta a kan paracetamol, shi ma ba kullum ba.

Ya ƙara mata beclometasone, maganin shaƙa mai kwantar da kumburin hanyar iska, safe da dare, ta cikin wannan bututun, tare da kurkure baki bayan shaƙa, don Ventoline buɗe hanyar iska kawai yake yi, ba ya kwantar da kumburin. Tun da ta riƙe shi, shuɗiyar kwalbar ta daina ƙarewa da wuri, barcinta ya gyaru, ranakun ciwon kai ma sun ragu a ganina. Zan sayi bututu na biyu a ajiye mata wurin malamarsu kafin ƙurar bana ta taso.