Auta, ga abin da na gani game da makirufo a Liyon ta Faransa

Auta, ina gajiya? Ina fatan kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso tun ranar Alhamis, kuma na saurari gwajin da ka ɗauka da salula har sau uku. Murya kam ta nuna, ma sha Allah, ta yi nauyi irin na masu karanta labarai. Sai dai a bayan muryar na ji fanka, na ji kabu-kabu biyu sun wuce, na ji zakaran gidan maƙwabta. Shi ya sa ban amsa maka nan take ba a kan hoton makirufon da ka turo ka ce in saya maka. Na ga gara in zauna in rubuta maka abin da na koya a nan, tunda ni ma da irinsa na fara.

Wanda ka turo Rode NT1 ne, ƙirar Ostireliya, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yana cikin dangin da ake kira kondansa. A cikinsu akwai wata fata mai matuƙar siranta da ke kusa da farantin ƙarfe, sai an ba ta wutar bolt 48 kafin ta yi aiki, kuma ko ƙaramin motsin iska yana kaɗa ta. Daɗin sautinsa daga nan ya fito, wahalarsa ma daga nan. Lokacin da na fara karanta sanarwar kiwon lafiya da Hausa ga wata ƙungiya a nan, kondansa na sayo. Ranar farko na sa abin ji a kunne, sai ga ƙugin firij daga kicin, ga takun mutumin da ke hawan sama da ni, ga tarago yana wucewa a titi. Duk abin da kunnena ya saba da shi har ya daina ji, shi bai bar ko ɗaya ba.

A nan ne na ga bambancin da ya fi komai girma tsakanin sayayya a Faransa da sayayya a gida. Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar da su ba tare da ya faɗi dalili ba, sannan kaya sabo yana da garanti na shekara 2. Wani babban kantin kayan sauti na Jamus, Thomann, kwana 30 ma yake bayarwa. Na gwada makirufon nan kwana tara, na ga ɗakina bai dace da shi ba, na mayar da shi cikin kwalinsa, kuɗina suka dawo cif. Mutanen nan ba su fi mu sanin kaya ba, Auta. Dama ce suke da ita ta yin kuskure kyauta. Kai kuwa in ka ba wani saƙo ya sayo maka daga Kano, ko ka tsinci abu a kasuwar Dole, ranar da ka biya ciniki ya ƙare. Mai saye sau ɗaya dole zaɓinsa ya bambanta da na mai gwadawa ya mayar.

Don haka ɗaya dangin, wanda ake kira dinamik, nake so ka riƙe. Shi aikinsa kamar lasifika ce aka juya: fata mai ɗan kauri haɗe da naɗin waya a cikin maganaɗisu. Ba ya neman wuta ta musamman, kuma da yake sai ka matso kusa da shi sosai kake magana, muryarka tana danne hayaniyar nesa. Ga juriya. Shure SM58, wanda ka sha gani a hannun masu wa'azi da sanƙirori, tun 1966 ake ƙera shi, yana faɗuwa ƙasa a ɗauka a ci gaba da magana. Ka tuna ƙurar hunturu yadda take shiga har cikin akwatin da aka rufe, ka tuna zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Fatar kondansa tana da caji, tana jan ƙura, kuma idan ta fara lalacewa babu mai buɗe maka ita a Damagaram. Dinamik kuwa ka kwance kan ragar, ka wanke sosonsa, ka shanya, shi ke nan.

Maganar kuɗi. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya motsi, don haka lissafin ba wuya. SM58 sabo a nan yana wajen yuro 100 da ɗan ɗoriya, wato kusan jika 70. Amma shi kaɗai ba ya shiga kwamfuta, sai da akwatin sauti a tsakani, irin Focusrite Scarlett Solo, wanda shi ma kuɗinsa ya kai haka ko ya ɗara, ga wayar XLR mai haƙori uku, ga ƙafar da za a ɗora shi. SM7B da kake gani a gaban masu shirye-shirye a YouTube ya tasam ma yuro 400, kuma yana da kwaɗayin ƙarfi, sai akwatin da zai iya ɗaga shi wajen desibel 60. Neumann U87 na manyan ɗakunan ɗaukar sauti ya haura yuro 2.000, na gan shi ne kawai a bayan gilashi. Abin da na fi so maka shi ne ɗan dinamik mai baki biyu, Samson Q2U: yana da USB da zai shiga kwamfutarka kai tsaye yau, yana da XLR don ranar da Allah ya hore maka akwatin sauti, kuma kuɗinsa bai kai yuro 100 ba. Da yake batirin kwamfuta ne ke ciyar da shi, ko an ɗauke kuran kana tsakiyar karatu aikinka bai tsaya ba. Ka ma riƙa zare caja in za ka ɗauka, don sau da yawa ita ke kawo wannan zuzzzz ɗin da ke bin murya, musamman in gurup, wato injin ba da wuta, ne ke aiki.

Ka yi hattara da jabu. SM58 yana cikin makirufon da aka fi kwaikwaya a duniya, har kwali da takarda. Na gaske yana da nauyi a hannu, wajen giram 300. Wanda duk ya ce zai ba ka sabo a jika 10, ka gode masa ka wuce. Ko a nan, a shafin kayan hannu na Leboncoin, ba na biya sai na je na riƙe abin na gwada.

Akwai abin da gida ya fi nan, kuma ina so ka san da shi. Kwanakin baya wayata ta XLR ta saki daga ciki, ɗan dalma kawai take so. Na kai wani shago, mutumin ya duba ya ce kuɗin aikinsa ya fi kuɗin sabuwa, in jefar in sayi wata. Zuciyata ta sosu. Na tuna masu gyaran rediyo na Zango, da ɗan ƙarfen dalmarsu a kan garwashi, minti biyar sun gama, ku gaisa, ku yi hira, ka ba da dala ashirin ko arba'in. Nan farashi a rubuce yake, da harajin kashi 20 cikin 100 a ciki, ba tayi ba ragi, ba kuma wanda zai tambaye ka ya iyali.

Abu na biyu da ka fi ni shi ne ɗaki. Gidajen haya na nan bangonsu siriri ne, ƙasa katako, ina jin tarin maƙwabci. Ni a cikin kabad ɗin tufafi nake ɗauka, tsakanin rigunan sanyi. Kai kuwa ga tsohon ɗakin Kaka a Birni, ginin ƙasa mai kaurin bango, rufin azara, ƙaramar taga ɗaya. Kada ka yi aikin a sabon ɗakinka na siminti da karo da rufin kwano, sautin zai yi ta dukan bango yana dawowa kamar kana magana cikin tulu, kuma babu makirufon da ke gyara wannan. Ka shiga ɗakin Kaka, ka shimfiɗa darduma kan tabarma, ka jingina katifa a bangon da ke bayanka, ka rataya bargo a ƙofa da taga. Ka tafa hannu sau ɗaya ka saurara. In tafin ya mutu nan take, wurin ya yi.

Bakinka ya kasance kamar faɗin yatsu huɗu daga ragar, kuma ka ɗan karkatar da makirufon gefe kada numfashi ya doke shi kai tsaye. Hausarmu tana da haruffan da ke gwada shi: ka karanta "ƙaiƙayi", "tsattsafi", "fuffuke" ka ji yadda ƙ da ts ke fashewa, f kuma ke hura iska. In kana jin bugu, ka lanƙwasa waya kamar zobe, ka ɗaura mata tsohuwar safa mai shara-shara, ka sa a tsakani. Wanda ake sayarwa a nan yuro 15 aikinsu ɗaya. Lokaci kuma, daga sha ɗaya na dare zuwa kafin kiran assalatu, sa'ad da injin niƙa da babura suka huta. Fanka dole a kashe, don haka ka riƙa ɗauka minti goma-goma kana shan iska a tsakani.

Ka sauke Audacity, manhajar ɗaukar sauti, kyauta ce. Ka ɗauka a WAV, tsarin ajiye sauti ba tare da matse shi ba, kilohaz 48, shi masu bidiyo ke nema. In za ka tura wa mai aiki ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, kada ka tura shi kamar saƙon murya, don matse shi ake yi har kyan ya tafi.

Na riga na sayi Q2U ɗin, yana hannuna, na gwada shi kwana huɗu kuma lafiya lau yake. Wani ɗan Maraɗi da muke salla tare zai tafi Yamai ƙarshen wata, zai sa maka shi a motar Damagaram, zan turo maka lambar kaya in ya tashi. Kafin nan ka share ɗakin Kaka, ka ɗauko mini minti ɗaya da salularka a ciki, rabinsa karatu rabinsa shiru, in ji abin da ɗakin ke cewa. Ka gaida Inna, ka ce mata kilishin da ta aiko ya iso.