Cibiyar MRI da ta dage sai an duba lakar 'yata

Likitan ƙwaƙwalwa ne ya tura mu wata cibiyar MRI, wato ɗaukar hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu, mai zaman kanta a Kano, ni da 'yata mai shekara 8. Kafin nan ta sha maganin maleriya da taifot har ta gaji, amma aman asuba da ciwon kai suka ƙi tafiya, ga tangaɗi in tana tafiya.

Hoton kai kawai aka rubuta a takardarmu. Da suka ga ƙari a ƙeya, likitar hoton ta kira likitanmu a waya, sannan ta fito ta same ni. Ta ce: "Hajiya, irin wannan ƙarin yakan saki ƙwayoyinsa cikin ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa, su gangara su manne a laka. Gara mu duba bayan gaba ɗaya yanzu, kafin tiyata." Ta bayyana mini cewa bayan tiyata jini yakan rikita hoto, sai an jira kamar mako biyu.

Allah ya saka mata da alheri. An ga ɗigo-ɗigo a ƙasan baya, gwajin tsokar ƙarin kuma ya tabbatar medulloblastoma ce, wani nau'in kansar ƙwaƙwalwa da ya fi kama yara. Saboda ɗigon nan aka ɗaga ƙarfin gashin da ake yi wa kai da ƙashin baya da haske mai ƙona ƙwayoyin kansa (radiotherapy) zuwa 36 Gy (ma'aunin ƙarfin gashin) maimakon 23.4, na kusan mako shida, sannan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Da ba a duba ba, da an yi mata gashin da bai isa ba.

Na'urarsu mai Tesla 1.5 ce (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), kuma sai da aka gwada ƙodar yarinyar kafin allurar gadolinium, sinadarin da ke sa hoton ya fito sosai. Nas ɗin ta sa na cire 'yan kunne da awarwaro, ta bar ni na riƙe ƙafar yarinyar, don ƙarar na'urar tana firgita yaro.

Inda suka gaza shi ne kuɗi. Wuya, tsakiyar baya da ƙugu, kowanne da farashinsa, kuma ba sa karɓar inshorar lafiya. Likitan sa barci ma, wanda ake buƙata don ƙananan yara kada su motsa a cikin na'urar, ba kullum yake zuwa ba. A gabana aka mayar da wata uwa da ɗanta na goye.

In kun je, ku karɓi hotunan a faifan CD tare da rahoton, domin masu gashi da shi suke tsara aikinsu.