Triptofan a abincin kaji: wanne za a saya, wanne za a bari a kasuwa

Masara ce ginshiƙin abincin kajin gidan gona, kuma ita ce mafi talaucin triptofan, ɗaya daga cikin sinadaran da ke haɗa furotin, wanda bai wuce kashi 0.06 zuwa 0.07 cikin ɗari na nauyinta ba. Shi kuwa ɗan tsakon broila yana bukatar kusan kashi 0.20 na abincinsa a makonnin farko, sannan 0.18, sannan 0.16 dab da sayarwa. Kazar ƙwai tana neman kamar miligiram 160 a rana. Idan ya gaza, cin abinci ya ragu, girma ya tsaya, ƙwai ya ja baya, wani lokaci kaji su riƙa tsattsagar gashin juna.

Cikin hanyoyin cike wannan giɓi, babu kamar waken suya da aka gasa ko aka tatse mansa. Yana ɗauke da kusan kashi 0.6, wato ninki tara na masara. Haɗin kilo 100 mai masara 55 da waken suya 35 yana ba da kusan 0.25, ya ma zarce bukatar tsako, ga laisin, wani sinadarin furotin ɗin, a kai kyauta. Mai irin wannan haɗi ba ya bukatar sayen ko cokali ɗaya na garin triptofan, duk abin da dillali zai faɗa masa. Sharaɗin kawai shi ne a gasa waken yadda ya kamata. Ɗanyen wake yana da sinadarin da ke hana narkar da furotin, wanda aka babbake har ya yi duhu kuma laisin ɗinsa ya lalace. A murtsuke shi a tafin hannu: launin ruwan zuma mai haske, ƙanshin gasasshen wake, babu gafi, babu ƙauri.

Garin triptofan tsantsa, wanda ake rubuta L-Tryptophan 98% a buhunsa, yana da ranarsa. Ranar ita ce lokacin da tsada ta sa aka rage wake. Masara 60, wake 15, dusar alkama 15 ba za su wuce 0.16 ba, sai a ƙara giram 40 a kilo 100 domin a kai 0.20. Amma a fara gyara metiyonin da laisin da tiriyonin, 'yan'uwansa cikin sinadaran furotin, domin su ke fara gazawa a kaji, kuma zuba triptofan kafin su asarar kuɗi ce. Wajen haɗawa, a cuɗa giram 40 ɗin da kilo ɗaya na garin masara, a juye cikin kilo biyar, sannan cikin sauran. Wanda ya watsa shi kai tsaye, wasu kajin za su cinye rabon ɗaukacin keji.

Ƙananan fakitocin bitamin da ake zubawa a ruwan sha, triptofan ɗin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Ƙuli yana da kusan 0.45, sai dai laisin ɗinsa kaɗan ne, ga fargabar aflatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa. Garin kifi yana da kyau in ba a cika shi da yashi ba. Masarar Sammaz 14 mai ingantaccen furotin ta kusa ninka ta gida a triptofan, amma a kasuwar hatsi ido ba ya bambanta su.

Inda ake yanka mutane shi ne garin da aka ƙulla a farar leda babu suna. Triptofan ya fi laisin da metiyonin tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ake cakuɗa shi da sitaci, garin rogo, alli, ko ma a ba ka laisin da sunansa. Na gaskiya fari ne ko mai ɗan ratsin rawaya, ba shi da nauyi, kuma da ƙyar yake narkewa, domin lita ɗaya ta ruwa ba ta ɗaukar fiye da kamar giram 11. A zuba cokali a rabin kofin ruwa: in ya ɓace nan take, ana zargin laisin ne ko sukari. A ɗiga aidin: in ya koma shuɗi mai duhu, akwai sitaci. A matsa lemun tsami a kan busasshen garin: in ya yi kumfa, alli ne. Waɗannan gwaje-gwaje suna kama ɓarawo mai gaggawa ne kawai, mai wayo sai ɗakin gwaji. Saboda haka a nemi buhun asali na kamfanonin da aka sani, irin su CJ ko Meihua, mai lambar rukuni da ranar lalacewa, a kuma nemi takardar gwajin wannan rukunin. Buhun da aka sake ɗinke bakinsa, ko garin da ya dunƙule ya koma ruwan ƙasa saboda laima da rana, a bar wa mai shi kayansa ko da ya karya farashi.

Masu kiwon shanu da tumaki kada su ari wannan lissafi. Ƙwayoyin da ke tumbi suna farfasa garin kafin ya kai hanji, kuma in ya yi yawa sukan mayar da shi sinadarin da ke kumbura huhun saniya har numfashi ya gagare ta.