Sherlock Holmes na Basil Rathbone: Sharhi Kan Kundin Finafinai 14

Guda huɗu daga cikin tsofaffin finafinan Sherlock Holmes sun daɗe suna yawo kyauta a intanet, saboda ba a sabunta haƙƙin mallakarsu ba a Amurka. Ta kansu na fara, kuma kwafin da na samu ba su yi mini daɗi ba. Hoto ya dusashe, murya na shaƙewa, idan dare ya yi a fim sai allo ya koma baƙi ƙirin, sai dai ka ji takun ƙafa ba ka san mai tafiya ba. Wannan ya sa na sayi kundin faifan DVD mai ɗauke da dukkan finafinai 14 da Basil Rathbone ya fito a matsayin Holmes, gwanin binciken laifuka, Nigel Bruce kuma a matsayin abokinsa Dakta Watson, daga 1939 zuwa 1946. Na kalle su duka, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Biyu na farko kamfanin 20th Century Fox ne ya yi su a 1939, sauran 12 kuma Universal, daga 1942. Waɗannan 12 su ne ma'adanar finafinai ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta gyara, kuma gyaran nan shi ne ainihin abin da mutum ke biya wa kuɗi. Fim ɗin baƙi da fari ba shi da launin da zai ja ido, haske da inuwa su ne jarinsa. Idan kwafi ya lalace, duhu ne farkon abin da ke mutuwa. A faifan da aka gyara na gane cewa duhun ma hawa-hawa ne: akwai baƙin rigar mutum, akwai baƙin bangon da ya jingina, akwai na inuwarsa, kowanne daban. A nan ake ɓoye alamu, a nan kuma mai kallo yake farautarsu.

The Scarlet Claw na 1944 shi ne ya fi nuna haka, kuma a ganina shi ne gwarzon kundin. Labarin a wani ƙauye ne na Kanada kusa da Kwibek, inda ake tsintar tumaki da maƙogwaro a yage, daga baya abin ya kai ga mutane. Holmes ya samu wasiƙar neman taimako daga wata mata wadda kafin takardar ta iso hannunsa har ta rasu. Akwai wurin da ya shiga fadama shi kaɗai cikin dare, hazo ya lulluɓe ko'ina kamar safiyar hunturu, can nesa sai ga wani abu mai siffar mutum yana ƙyalli yana ratsa itatuwa. Na mayar da wurin baya na sake kallo. Ba jini, ba ihu, amma tsigar jikina ta tashi. Abin mamaki, wannan labari ba Arthur Conan Doyle, marubucin da ya ƙirƙiri Holmes, ne ya rubuta shi ba, masu fim ne suka ƙirƙira, duk da cewa ƙamshin littafinsa The Hound of the Baskervilles na 1902 yana tashi a cikinsa. Darakta Roy William Neill, wanda ya ja ragamar 11 daga cikin 12 na Universal, ya cancanci a riƙa ambaton sunansa tare da na Rathbone.

Maganar littafi kuwa, wanda ya karanta Doyle ya shigo da haƙuri. Marubucin ya bar littattafai huɗu da gajerun labarai 56 a kan Holmes, farawa daga 1887, amma a cikin finafinan nan The Hound of the Baskervilles na 1939 ne kaɗai ya bi littafinsa sau da ƙafa, shi ma da ƴan ƙare-ƙare, kamar zaman kiran ruhin mamaci da babu shi a rubuce. Sauran tsintar dabara suke yi daga labari su gina nasu a kai. Wani lokaci abin yana yin kyau ƙwarai. The Pearl of Death ya ɗauko labarin gumakan Napoleon guda shida: ɓarawo ya cusa lu'ulu'u cikin ɗanyen gunki kafin ya bushe, aka sayar da gumakan ga mutane daban-daban, sai aka shiga bin su gida-gida ana kashewa. Abin da fim ɗin ya ƙara shi ne a kowane gida ana tarar da tangaran a farfashe ko'ina, don kada a gane gunkin ne abin nema. Har ma Holmes da kansa ne ya jawo satar, domin shi ya katse wayar ƙararrawar gidan tarihin da aka ajiye lu'ulu'un don ya nuna musu raunin tsaronsu. Na ji daɗin ganin gwani ya yi kuskure, ya kuma tsaya ya gyara abinsa.

Uku na farko da Universal ya yi su ne ban so ba. An ciro Holmes daga zamanin Sarauniya Biktoriya an kawo shi tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu yana farautar ƴan leƙen asirin Jamus, har da tafiya Washinton. Na fahimci dalili, lokacin yaƙi ne, ana son ƙarfafa wa jama'a gwiwa. Amma bincike ya yi ƙaranci, jawabin kishin ƙasa ya yi yawa.

Babban ƙorafina shi ne Watson. A littafi, likitan soja ne da ya yi aiki a Afganistan har ya samu rauni, mutum mai natsuwa da jarumta, kuma shi ne mai ba da labarin da bakinsa. A nan an mayar da shi dattijo mai gunaguni da shirme, mai faɗawa rami, wanda ake dariya da shi. Wannan ya dame ni, domin yana rage wa Holmes daraja: wane mai basira ne zai zaɓi irin wannan ya riƙa kai shi wurin da rai ke cikin haɗari? Duk da haka ba zan zalunci Nigel Bruce ba. Ƙaunar da ke tsakaninsa da Rathbone a fili take, kuma a Sherlock Holmes Faces Death na 1943 an ba shi ɗan mutuncinsa, yana kula da sojojin da ke jinya a wani tsohon gida. A fim ɗin ne aka gano daɓen zauren allon dara ne irin ta Turawa, aka jera mutane a kai a matsayin ƴaƴan dara don warware wata tsohuwar wasiyya ta iyali. Kyamara ta hau sama ta leƙo su, fararen murabba'ai da baƙaƙe, wuri ne da launi ba zai ƙara masa komai ba.

Shi kuwa Rathbone, haifaffen Johannesbag a 1892, ba ni da abin cewa sai yabo. Dogo, siriri, mai kaifin hanci da kaifin harshe, idan ya shiga ɗaki idonsa ya riga ƙafarsa zagayawa. Turancinsa na da sauri, don haka na riƙa kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, ina kuma ba duk wanda kunnensa bai saba da lafazin Ingila ba shawarar ya yi haka.

Yawancin finafinan ba su wuce awa ɗaya da ƴan mintuna ba, ana iya gama ɗaya bayan sallar isha'i ba tare da an raba dare ba, kuma ban ga abin da zai sa mutum ya ji kunya a gaban iyalinsa ba, sai dai ƙananan yara na iya tsorata da The Pearl of Death. Wanda zai saya ya duba bayan kwali ya tabbatar an rubuta cewa gyararren kwafi ne kuma 14 ne cif, domin akwai masu tattara huɗun nan na kyauta su sa musu sabuwar riga. Kada ya bi jerin shekaru. Ya fara da The Hound of the Baskervilles, ya bi da The Scarlet Claw, sannan The Pearl of Death, ya bar na yaƙin zuwa ƙarshe.