Matjes ko Bismarck, wanne ake zuba wa kirim?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan amsa ce ga ƙanwarmu da ke Jamus, wadda ta ce ta ci wani kifi mai sanyi cikin farin kirim da albasa da tuffa a gidan maƙwabciyarta, tana so ta yi da kanta, amma da ta je kanti sai ta tarar da kala biyu, wani an rubuta Matjes wani Bismarckhering, ta rasa na ɗauka.

To ƙanwata kifin dai ɗaya ne, shawa ce, irin wadda muke saya wajen masu kifin ƙanƙara a gida. Bambancin yana wajen abin da aka jiƙa shi da shi, kuma ki sani tun yanzu dukkansu babu wanda ya ga wuta.

Matjes gishiri ne ya nuna shi. Kifi ne da ake kamawa daga Mayu zuwa Yuli kafin ya fara ƙwai, lokacin da ya tara kitse, a Holan ma sai kitsen ya kai kashi 16 cikin 100 kafin su yarda su kira shi Hollandse Nieuwe. Idan za a gyara shi ba a kwashe kayan cikin duka, ana barin wani ɗan sashe, shi ne yake ta aiki a hankali cikin ruwan gishirin na 'yan kwanaki har naman ya yi laushi, in kin sa a baki sai kace man shanu, launinsa ja-ja ne, ba tsami, sai gishiri da maiƙo. Amma fa ki duba rubutun da kyau, in kin ga "nach Matjesart" to ba na ainihin ba ne, babbar shawa ce aka sa wa sinadarin laushi aka zuba cikin mai, ya fi araha kuma yawanci ya fi gishiri.

Shi kuwa Bismarck ruwan kal ne ya yi aikin, da albasa da ƙwayar mustad da ganyen ƙamshi. Namansa fari ne, a ɗaure yake, da tsami sosai. Shi ake naɗewa da kokwamba a soke da tsinke a ce Rollmops.

Jamusawa suna yin kirim ɗin da kowanne, amma ni dai in don na farko ne Matjes zan ce ki ɗauka, saboda kirim ɗin kansa mai tsami ne, tuffar mai tsami ce, kokwambar kwalba ma haka, kinga in kifin ma ya zo da nasa tsamin abin ya yi yawa, sai ki ji haƙora suna mutuwa. Na Matjes ɗin shi suke kira Hausfrauenart kuma ina ga shi kika ci. Kifi giram 400, in ya cika gishiri ki jiƙa shi a ruwa ko madara kamar awa ɗaya ki tsane ki yanka ƙanana. Schmand, wato kirim ɗinsu mai kauri mai ɗan tsami, kofi ɗaya na giram 200, yogot mara suga cokali huɗu, tuffa ɗaya mai tsami irin Boskoop, albasa ɗaya yankan zobe, kokwambar kwalba biyu, masoro, ɗan suga, ganyen dil. Albasar ki watsa mata ruwan zafi tukuna ta rage ƙarfi. Kuma dan Allah, na san hannunmu, kar ki kai shi ga magi da attaruhu, ko gishiri ma kar ki sa sai ya kwana kin ɗanɗana, don kifin zai saki nasa cikin kirim ɗin.

In Bismarck ɗin ne a hannunki ba a jiƙa shi, tsanewa kawai, ki cire yogot ki sa kirim mara tsami a madadinsa, kokwamba ɗaya ta isa, ki ɗan ƙara suga. Abin da ya fi Matjes da shi, ba ya dagargajewa in kina juyawa, kuma wanda yake ƙyamar ɗanyen kifi ya fi saurin yarda da shi tunda a ido kamar dafaffe ne. Kowanne kika yi ya kwana a firij, a ci da sanyinsa da dafaffen dankalin turawa ko baƙin burodi, kar ya wuce kwana biyu. Ki kuma karanta bayan kwalba, wasu ana zuba musu giya, in kin ga Wein ko Sherry ki mayar.

Na gida kuma da na san za su ce ai ga shawa a kasuwa, kar ku yi shi ɗanye. Akwai wata tsutsa a jikin shawa, Anisakis, gishiri kaɗan da ruwan kal ba su cika kashe ta ba, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta ce sai an daskarar da kifin a ma'aunin sanyi 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24. Namu na kasuwa ya daskare kam, amma sau nawa ya narke aka mayar da yadda wuta take ɗaukewa, ga zaman tire a rana? Ku dafa shi sama-sama na minti goma a ruwa da kal da albasa, ku zare ƙayar nan tata mai yawa, in ya huce ku haɗa da kindirmo mai kauri da aka tsane a ƙyalle.