Luzern ko Annecy: Wanne Ya Fi a Lokacin Sanyi?

Biranen nan biyu duk a bakin tafki suke, a gindin tsaunukan Alps, kuma bizar Schengen ɗaya ta ishe ka shiga kowanne.

Luzern ta Suwizalan ta fi sauƙin zuwa, jirgin ƙasa daga Zurich bai kai awa guda ba. Gadar katako ta Kapellbrücke, wadda gobara ta cinye yawancinta a 1993 aka sake ginawa, tana tsakiyar gari. Sai dai hazo kan lulluɓe birnin a Disamba da Janairu. Maganinsa hawa sama: jirgin ƙasa mai hawa dutsen Rigi, da ya fara aiki a 1871, ba ya hutun hunturu, can sama kuma sau da yawa rana ce tar. Jirgin ƙasa mai hawa dutsen Pilatus kuwa rufe shi ake yi da hunturu, sai na kebul mai rataye a waya daga garin Kriens. Tsada kam, ba a magana.

Annecy ta Faransa tana kimanin kilomita 40 kudu da Geneva, ana zaga tsohon garinta da ƙafa cikin yini guda. Ɗaki da abinci sun fi araha, ga wurin wasan ƙanƙara na La Clusaz kusa.

Mai iyali da ƙaramin guzuri, ni dai Annecy zan nuna masa.